Amsa ga uwar da ta yi tambaya kan kemo na sankarar jini

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba yaronki lafiya, ya sa kaffara ce. Kin ce an tabbatar sankarar jini ce nau'in AML, za a yi masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a haɗa masa magunguna uku, kina tambaya ko yara na tashi, ko wahala kawai za a ba shi. Na yi jinyar 'yata da wannan ciwo a nan Kaduna, yanzu haka tana makaranta, sai dai muna komawa asibiti a duba jininta.

Yara na tashi, amma ba duka ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, AML ta fi 'yar'uwarta ALL, wato nau'in sankarar jinin da ya fi yawa ga yara, wuyar magani. Kusan yaro ɗaya cikin biyar masu sankarar jini ne ke da AML. Haɗin da aka saba bayarwa shi ne sitarabin da daunorubisin, sau da yawa da etoposaid. Kowanne ta hanyarsa yake kashe ƙwayoyin cutar a cikin ɓargo, wadda ta kuɓuce wa wannan sai wancan ya kama ta. Tun 1973 aka fara haɗa biyun farko a Amurka, ba gwaji za a yi da ɗanki ba. A Turai da Amurka, yara 85 zuwa 90 cikin 100 cutar kan kwanta musu bayan zagayen magani na farko ko na biyu, kuma 65 zuwa 70 na nan da rai bayan shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku takan dawo masa. Namu bai kai haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, yaran da ke warkewa daga sankara kowace iri ba su kai 30 cikin 100 ba.

Maganin iri ɗaya ne a can da nan. Inda aka bar mu shi ne kulawar da ke biyo bayansa, kuma nan ne hannunki zai yi aiki. Kemo kamar maganin ciyawa ne da ke ƙone har da shuka. Wajen mako na biyu bayan zagaye, jinin yaro kan yi ƙasa warwas. Na ga dasashin 'yata na tsattsafo da jini a kan matashi, ƙafafunta sun yi ɗigo-ɗigo ja, bakinta ya yi gyambo har kunu ba ya wucewa. Jan fitsarin da ke biyo bayan daunorubisin kada ya tsorata ki, launin maganin ne. Abin tsoro shi ne zazzaɓi. Ki sayi ma'aunin zafin jiki yau. Da ya nuna 38, ko tsakar dare ne, asibiti za ku nufa, don ba shi da fararen ƙwayoyin jinin da za su kare shi. Kada a tsaya kemis, kada a ba shi farasitamol a ce a jira gari ya waye.

Sai maganar jini. Zai sha ƙarin jini, da kuma filatilet, wato ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, su kuwa ba sa wuce kwana biyar a ajiye. Tun kafin a ɗaura robar farko ki sa babansa ya tara masu bayarwa, 'yan'uwa da mutanen masallaci da abokan aiki, a san rukunin jinin kowa, a rubuta lambobinsu. Ranar da ake buƙata ba ranar yawon nema ba ce.

'Yan dubiya kuma, na san da nauyi a hana, amma ki rage su, mai mura kada ya shigo. Abinci dafaffe da zafinsa, ruwa tafasasshe, ban da fura da nonon talla.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Bayan zagayen farko yaro kan miƙe, ya ci abinci, ya yi wasa, sai dangi su ce ai ya warke, a daina ƙona shi da magani. Cutar kwanciya ta yi, ba ta mutu ba. Zagaye huɗu zuwa biyar ake yi cikin kusan wata shida. Wata baiwar Allah da muka yi makwabtakar gado ta tafi da ɗanta a wannan gaɓar, da suka dawo cutar ta fi da ƙarfi. A yi addu'a, a yi tofi, amma duk wani jiƙo ki nuna wa likita kafin ya shiga bakinsa.

Ko a asibitin Shika na Zariya kuke ko a asibitin Barau Dikko na Kaduna, ki tambayi likitan jini ko AML ɗin tasa irin da ake kira M3 ce, domin shi maganinsa daban, ATRA da sinadarin asenik, kuma sama da 90 cikin 100 na warkewa a inda ake da kulawa. Ki tambaya ko za a yi masa hoton zuciya kafin a fara, saboda daunorubisin na taɓa zuciya. Sannan ki roƙi a yi muku lissafin kuɗin zagayen duka tun yanzu, har da na jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ku kai wa dangi da sashen taimakon marasa ƙarfi na asibitin kafin a fara.