Fatawa: wanda zuciyarsa ke karkata ga maza 'yan'uwansa, shin aure ne maganinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, ina sallah, ina azumi, na sauke Alƙur'ani. Tun ina ɗan shekara 13 na lura zuciyata maza take so, ba mata ba. Ba ni na zaɓa ba, na yi kuka na yi addu'a abin bai fita ba, kuma ban taɓa aikata luwaɗi ba. Na karanta a intanet wai da haka ake haifar mutum, shi ya sa wasu ƙasashe suka halatta auren jinsi. Wani kuma ya ce min aljani ne ko la'ana. Yanzu iyayena sun matsa in auri 'yar ƙanin babana bayan babbar sallah, kuma an ce da na yi aure zan warke. Malam, ni la'ananne ne? In halitta ce, me ya sa aka haramta? In yi auren ko kada in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya ƙara maka haƙuri. Kai ba la'ananne ba ne. Na fara da wannan ne domin na ga shi ya fi ci maka rai.

Abu uku ne suka cakuɗe a tambayarka, kowanne da hukuncinsa: karkatar zuciya, aikatawa, da ƙulla aure.

Karkatar zuciya ba zunubi ba ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko ba su furta ba. A ƙarshen Suratul Baƙara, aya ta 286, Allah ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma ayar ta sauka ne bayan Sahabbai sun ji nauyin aya ta 284 mai maganar hisabi a kan abin da ke cikin zukata. Ya ma wuce yafiya kawai. A hadisin Ibn Abbas, shi ma a Bukhari da Muslim, wanda ya yi nufin mummunan aiki sannan ya bar shi, ana rubuta masa cikakkiyar lada. Shekara goma sha biyar kana riƙe da kanka don tsoron Allah. A ma'aunin shari'a ibada kake yi, ko da kai kana kallon abin a matsayin ƙazanta. La'anar da ta zo a ruwayoyi tana kan wanda ya yi aikin mutanen Annabi Luɗu (AS), kuma ko mai aikata laifi ba a nuna shi da yatsa a la'ance shi da sunansa. Mutumin da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Bukhari ne ya kawo shi.

To, daga ina abin yake fitowa? Nan zan ɗan daɗe, domin ɓangarori biyu, masu cewa halitta ce zalla da masu cewa aljani ne, suna faɗin abin da ya wuce iliminsu.

A 1993 wani masanin ƙwayoyin gado a Amurka, Dean Hamer, ya bincika 'yan'uwa maza biyu-biyu, gida 40, ya ce ya ga alaƙa da wani yanki na ƙwayar gadon da ɗa namiji ke samu daga uwa. Jaridu suka ɗauka cewa an gano “ƙwayar luwaɗi”. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ƙwaya ɗaya tilo ba. A 2019 aka buga bincike mafi girma a mujallar Science, a kan mutum sama da 470,000 daga Birtaniya da Amurka. Sun samu wurare biyar a cikin ƙwayoyin gado masu ɗan alaƙa da abin, amma tasirin kowanne ƙanƙane ne ƙwarai. Jimillar abin da suka iya jingina wa ƙwayoyin gadon da suka auna tsakanin kashi 8 zuwa 25 cikin ɗari ne, kuma su da kansu suka ce ba za a iya duba jinin mutum a gane inda zai karkata ba. Binciken tagwaye ma haka ya nuna. A binciken Bailey da Pillard na 1991, idan ɗaya daga tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya yana neman maza, kashi 52 cikin ɗari ne ɗan'uwansa ma yake haka, kashi 22 kuma ga tagwayen ƙwai biyu, kuma binciken da aka yi daga baya ya samu adadin da bai kai haka ba. Da gado ne zalla, da tagwayen ƙwai ɗaya ba su saɓa ba. Da babu gado ko kaɗan, da ba a ga tazara tsakanin nau'in tagwayen biyu ba. Akwai kuma abin da Ray Blanchard na Kanada ya daɗe yana nunawa, cewa kowane wa namiji da mutum yake da shi ciki ɗaya yana ƙara yiwuwar abin da kusan kashi ɗaya cikin uku a kan ɗan adadin da ake da shi tun asali, abin da ke nuni ga yanayin mahaifa.

Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne: sababai ne da yawa suka haɗu, wasu tun kafin haihuwa, kuma akasarin masu jin wannan karkata ba zama suka yi suka zaɓa ba, kamar yadda ka faɗa game da kanka. Na gaskata ka. Wanda ya ce maka aljani ne ba shi da aya ko hadisi a kan haka, kuma bai halatta a yanke wa mutum hukuncin gaibu ba tare da dalili ba.

Wannan bai zo wa malamanmu a baƙo ba. Da Imam Nawawi ya zo sharhin hadisin Ummu Salama game da mukhannasi, wato namiji mai ɗabi'ar mata, da yake shiga gidajen matan Annabi (SAW), ya kasa irin waɗannan mutane gida biyu: wanda aka halitta da laushin murya da motsin mata bai ƙaƙalo ba, ya ce babu zargi, babu zunubi, babu uƙuba a kansa, da wanda ya ƙaƙalo da gangan, shi ne abin zargi. Maganarsa a kan ɗabi'a da motsi ce, irin abin da mu muke gani ga wasu da ake kira 'yan daudu, ba a kan sha'awa kai tsaye ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: ba a kama mutum da abin da aka halicce shi a kai. Kuma a kiyaye, kamannin mata daban, neman maza daban, mata-maza kuma daban. Shi wannan na ƙarshe lamarin gaɓoɓi ne da likita ke dubawa, yana da babinsa a fiƙihu.

Sai tambayarka mai nauyi: in halitta ce, me ya sa aka haramta? Domin shari'a ba ta ɗora hukunci a kan asalin sha'awa ba, ta ɗora shi ne a kan aiki. Wani an halicce shi da saurin fushi, ba a halatta masa duka ba. Sha'awar namiji ga mace babu mai jayayya cewa halitta ce, amma gwauron da ba shi da halin aure an ce ya kame, ko zai shekara arba'in. Ban ce jarabawarka daidai take da tasa ba. Shi yana hangen ƙofa a gaba, kai kuwa wataƙila ba ka hango ta. Taka ta fi nauyi, kuma lada gwargwadon wahala take. Amma haramcin aikin ba ya motsi. Ya zo a A'araf aya ta 80 da 81, da Shu'ara 165 da 166, da Namli 54 da 55, kuma Mu'minun 5 zuwa 7 ta taƙaita inda aka halatta biyan sha'awa. Mazhabobi huɗu ba su saɓa ba a kan haramcin luwaɗi da maɗigo. Inda suka saɓa shi ne uƙuba: Malikiyya sun tsananta, Abu Hanifa kuwa bai ga haddi ba sai ladabtarwar alƙali, kuma masana hadisi da dama sun yi magana a kan isnadin hadisin da masu tsanantawa suka dogara da shi.

Auren jinsi kuma ba ya ƙulluwa a Musulunci. Rukunan aure a wurin Malikiyya su ne waliyyi, sadaki, siga, da mahalli, wato miji namiji da mata mace waɗanda babu abin da ya hana su auren juna. In mahalli ya faɗi, babu aure, ko da an tara shaidu dubu. Babu gado ta hanyarsa, babu idda, babu ciyarwar aure. Holan ce ta fara halatta shi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Kotun Ƙolin Amurka a watan Yunin 2015. Rajista ce ta hukumominsu a kan dokarsu. Musulmin da ke zaune can zai zauna lafiya da maƙwabtansa, ba zai cuci kowa ba, amma takardar ba ta mayar masa da haram halal. A Najeriya kuwa dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu ƙulla shi, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka.

Tun da an zo maganar haƙƙi, akwai haƙƙoƙin da shari'a ta ba ka waɗanda mutanenmu ke takewa suna zaton kishin addini suke yi. Jininka da mutuncinka da dukiyarka haramun ne a taɓa. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana bin diddigi, don haka ƙwace wayar mutum a bincika, ko yi masa tarko a intanet don a tona shi ko a karɓi kuɗinsa, zunubi ne babba. Ibn Abi Zaid ya faɗa ƙarara a Risala cewa wanda ya ce wa mutum “kai ɗan luwaɗi” za a yi masa haddi, wato bulala 80 ta ƙazafi, in bai kawo shaidu huɗu ba. Taron unguwa da ke dukan wanda ake zargi kuwa, su ne masu laifin da ya tabbata a gaban kowa, kuma in rai ya salwanta jini na wuyansu.

Yanzu auren 'yar baffanka. Aure ba magani ba ne ga wannan, kuma mace ba ƙwayar asibiti ba ce. Wasu daga cikin waɗanda suka fi kowa da'awar canza mutum sun janye. Ƙungiyar Kiristoci ta Exodus International a Amurka ta shekara 37 tana wannan aiki, ta rufe a 2013, shugabanta ya nemi gafarar waɗanda aka cutar. Likitan ƙwaƙwalwa Robert Spitzer, wanda bincikensa na 2003 ake kafa hujja da shi cewa ana canzawa, ya janye shi a 2012. Allah mai iko ne a kan komai, ka ci gaba da roƙonsa, amma ba a ɗaura wa 'yar mutane aure a kan tsammani.

Aure yana ɗaukar hukunci biyar, kuma malamanmu sun ce yana zama haram ga wanda ba ya tsoron faɗawa alfasha in bai yi ba, alhali zai cutar da matar ta rashin biya mata haƙƙin shimfiɗa ko ciyarwa. Saboda haka ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, ba tare da yaudarar kai ba. In kana jin wata sha'awa ta gaske ga mata, ko da ba ta kai ɗayar ba, kana ganin za ka iya kusantarta da son rai, ka kame daga waninta har abada, to auren ya halatta, wataƙila ma ya zama alheri. In kuwa ba ka jin komai, ko kana jin ƙyama, kada ka yi. Ga abin da ke biyo baya: a kasa kusantarta, sai ta kai ƙara, alƙali ya ba ka shekara ɗaya kamar yadda Malikiyya suka tanada ga wanda ya kasa, in ba a dace ba a raba. Ko kuma ta yi shiru don kunya, ta riƙa zaton ita ce da aibu, ta ƙare kuɗinta a wurin masu maganin mata, dangi su ce asiri aka yi. Da yake auren zumunci ne, in ya watse gida biyu ne za su watse. “Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu,” in ji hadisin Muslim.

Ba dole ne ka gaya wa iyayenka dalili ba. A Muwaɗɗa an umurci wanda ya afka wa irin waɗannan laifuka ya suturta kansa da suturar Allah, to ina ga wanda bai aikata komai ba? Ka ce musu, cikin ladabi, kana da lalurar da za ta hana ka sauke haƙƙin iyali a yanzu, kuma ba ka son ka cuci 'yar'uwarka. Gaskiya ka faɗa. Ka faɗa tun yanzu, kafin a kai kuɗin gaisuwa a sa rana. In sun ƙi ji, ka sa wani babba da suke jin nauyinsa ya yi musu magana. Ƙin auren da zai zama zalunci ba saɓa wa iyaye ba ne, kuma rashin aure ba tawaya ba ce a addini: Ɗabari da Nawawi da Ibn Taimiyya duk ba su yi aure ba.

Don kiyaye kanka, ka riƙi azumin Litinin da Alhamis, domin azumi ne Annabi (SAW) ya nuna wa samarin da ba su da halin aure. Kada ka kwana shimfiɗa ɗaya ko ka keɓe da wanda ka san zuciyarka na motsawa gare shi. Ka goge duk wani shafi ko lamba da ke ja maka, ka daina shiga da waya makwanci. Amma kada ka janye daga mutane, domin kaɗaici ne ya fi kayar da masu irin halinka. Ka riƙi sahun jam'i, da sana'a, da hidimar dangi da marayu. Azkar da rukiyyar da za ka yi wa kanka da Fatiha da Falaƙi da Nasi alheri ne. Wurin da ake ɗaure mutum da mari, ko a yi masa bulala ko hayaƙi da sunan fitar da aljani, kada ka je, kada ka yarda a kai ka. In wani ya taɓa cin zarafinka kana yaro, babu laifi a kanka ko ƙwayar zarra, laifin nasa ne. In kuma ka taɓa zamewa nan gaba, ka tuba nan take, ka rufa wa kanka asiri, ka je asibiti a gwada jininka, ka karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar. Idan baƙin ciki ya kai ka ga rashin barci ko tunanin kashe kanka, a ranar ka nemi likitan ƙwaƙwalwa, kada ka jira gobe. Aikinsa ya tilasta masa riƙe sirrinka.

Wallahu a'alam.