Idan koci ya taso maka a filin sofbol

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka yi, a matsayinka na alƙalin wasan sofbol, idan koci ya baro benci yana huci a tsakiyar wasa, ka rasa ko ka kafe kan hukuncinka ko ka saurare shi. Tun kafin ya iso gabanka ka tantance abu guda: kan abin da idonka ya gani yake gardama, ko kan abin da doka ta ce?

In kan gani ne, magana ta ƙare. Ko mai gudu ta riga ƙwallo isa tasha (ɗaya daga kusurwoyin filin da 'yan wasa ke zagayawa don samun maki), ko jifa ta shiga ko ta kauce, ko ƙwallo ta sauka cikin layi, duk naka ne, babu littafin da ya ba koci damar shigar da ƙara a kai. Ka cire garkuwar fuskarka, ka tsaya daga gefensa, hannuwa a baya, ka bari ya zazzage abin da ke cikinsa. Sannan ka ce, "Koci, na ji ka. Ƙwallo ta shiga safar hannu kafin ƙafarta ta taɓa tasha. Mu ci gaba." Kada kalmar "ina jin kamar" ta fito daga bakinka, don da ita zai riƙe ka har zagaye na 7, wato ƙarshen wasa. Idan ya roƙi ka tuntuɓi abokin aikinka, wato ɗaya alƙalin, ka yi in akwai abin da ya ɓuya maka, kamar ƙwallo da ta suɓuce ko ƙafar da ta bar tasha. Ku keɓe ku biyu, amma kai da ka yanke hukuncin kai za ka sanar da sakamako.

In kan doka ne, to buɗe kunne, domin wani lokaci kocin ne ke da gaskiya. Inda aka fi kai ruwa rana shi ne karo tsakanin mai gudu da mai tsaro. Mai tsaro da ba ƙwallo a hannunta, ba kuma ƙwallon da aka bugo take ƙoƙarin kamawa ba, in ta tare hanya, ita ce da laifi. Ka miƙa hannun hagu gefe, ka bar wasa ya gudana, sai ya tsaya ka ba mai gudu tashar da za ta kai da ba a tare ta ba. Amma in mai gudu ce ta hana mai tsaro kama ƙwallon da aka bugo, nan take ka tsayar da wasa, mai gudun ta fita. Karo ɗaya ne a idon 'yan kallo, hukunci biyu ne a littafi. Koci zai ce, "Ai ture ta aka yi!" Kai kuma ka tambaye shi, "A lokacin ina ƙwallo take?" Sau da yawa amsar da zai bayar da bakinsa ita ke kashe maganar.

Sai kuma ka san da wane littafi kake busa, don a Amurka ba ɗaya ba ne. Akwai na USA Softball, hukumar sofbol ta ƙasar, wadda aka kafa a 1933 da sunan ASA, ta sauya suna a 2017, akwai na USSSA, wata ƙungiyar shirya gasa, akwai na makarantun sakandare. A wasan jifa mai laushi na manya, USA Softball ta ce ƙwallo ta tashi aƙalla ƙafa 6 daga ƙasa, ita kuwa USSSA ta yarda da mai ƙasa da haka. Ga ƙa'idojin gasar unguwa a kai: iyakar lokaci, yawan bugun da aka yarda ya tsallake shinge. Kocin da ke rantsuwa kan doka ba lalle ƙarya yake yi ba, ta gasar da ya buga jiya yake kawo maka. Shi ya sa nake matsa maka kan ganawar farko lokacin karɓar jerin 'yan wasa. Minti biyu ne, amma a nan za ka faɗi littafin, ka kuma ce babban koci kaɗai zai zo maka da magana.

In ya ce zai shigar da ƙara, kada ranka ya ɓaci, haƙƙinsa ne, muddin ya faɗa kafin jifa ta gaba. Ka rubuta zagayen, mutum nawa suka fita, wa ke kan wace tasha, ƙidayar jifa, ka shaida wa ɗaya kocin da mai rubuta maki. A gasa sai ka kira shugaban alƙalai ya yanke a wurin.

Kora kuwa, ba don ɗaga murya nake yinta ba. "Wannan hukunci bai yi ba" zan haɗiye. "Kai makaho ne" ko "an saye ka", wannan ya bar hukunci ya dawo kaina, sai ya bar fili. Ka yi gargaɗi sau ɗaya a fili, tafin hannu a ɗage, kada kuma ka yi barazanar da ba za ka cika ba. Da ka kore shi ka juya ka ba shi wuri, abokin aikinka ya raka shi. Iyayen da ke ihu bayan waya ba naka ba ne, na mai kula da filin ne. Rahoton korar ka rubuta shi a daren, da ainihin kalmomin da ya furta, komai muninsu.