Yunwar El Buhari ce ta bar mini tansiyo?

Tambaya: Lokotoro, barka da aiki. An haife ni a Tawa cikin 1985, innata na da cikina lokacin yunwar El Buhari. Yanzu ina fama da tansiyo, wato hawan jini, kwanan nan kuma aka ce sikari ya hau. Kakata ta ce yunwar nan ce ta biyo ni. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarta?

Amsa: Ƙanwata, ki gaida mini kaka, maganarta ba ta faɗi ƙasa ba. Ina da shekara goma lokacin, har yau ina ganin gwaggona a layin dawar taimako, ƙwarya a ka, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura. Shi ya sa wasiƙarki ta taɓa ni.

Kowane ɗan ƙwayar jikinki yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 20,000, iri ɗaya a fata da hanta da zuciya. Bambancin kawai, wanne aka buɗe, wanne aka rufe. Kin san yadda ake liƙe bakin rumbu da laka: hatsi na ciki, amma hannu ba ya kai gare shi. Haka wani ɗan sinadari, metil, ke manne wa ƙwayar gado ya rage mata aiki, rubutun gadon kuwa bai canza ba. Abin da uwa ta ci, da wanda ta rasa, yana cikin abubuwan da ke shafar wannan liƙi.

A Holand aka fi bin diddigin wannan. Cikin sanyin 1944 zuwa 1945 sojan Jamus sun tare hanyar abinci, mutum kusan 20,000 suka mutu. Jariran da ke ciki a lokacin, da suka manyanta, an fi samun matsalar sikari a cikinsu, waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki kuma ciwon zuciya ya fi kama su. A 2008 aka gwada jininsu da na 'yan'uwansu uwa ɗaya, aka tarar a jinin waɗanda yunwar ta riska a farkon ciki metil ya yi ƙaranci a kan ƙwayar gadon girma mai suna IGF2. Bayan shekara sittin fa!

Wanda ya fi kama da namu shi ne na ƙauyukan Keneba a Gambiya. Binciken 2014 ya nuna yaran da aka yi cikinsu da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aikin gona ya yi yawa, alamun metil ɗinsu sun bambanta da na 'yan rani.

Tashin hankali ma yana da nasa rabo. Idan fargaba ta daɗe, sinadarin kotizol yakan zauna sama a jini, shi kuwa yana ɗaga sikari da tansiyo. Macen da ta kwana tana lissafin abin da yara za su ci gobe, ai ba cikinta kaɗai ke wahala ba.

Amma kada ki ɗora wa yunwar nan komai. Haɗari take ƙarawa, cikin mutane da yawa ake ganinsa, ba a kan mutum ɗaya ba. Gishiri, dunƙulen miya, shayi mai sikari kashi uku, ƙiba da gadon gida duk suna da hannu, kuma galibinsu kina da iko a kansu. Innarki kuwa ba ta da laifin komai, ta ba ki abin da jikinta ya iya.

Ki riƙe maganin tansiyo kullum, ko ranar da kika ji garau. Ki riƙa awo, ki faɗa wa mai duba ki shekarar da aka haife ki da yadda take. In kuma akwai mai ciki a gidanku, idan damina ta kankama ki sa ido a kwanonta: wake, zogale, ƙwai in ya samu, da ƙwayoyin ƙarin jini na wurin awon ciki.