Yadda ake gano lokacin da aka ƙera tsohuwar mota daga lambarta

Ka tambaye ni ko mutum zai iya duba lambar da ke jikin tsohuwar mota ya faɗi ranar da ta fito daga masana'anta, tunda takardun mai ita shekara kawai suka nuna. To, ɗana, ana iya kusantar ranar, wani lokaci har a kama makon, amma lambar ita kaɗai ba za ta ba ka rana ba. Iyaka take ja maka: ba kafin kaza ba, ba bayan kaza ba. Ragowar aikin kai za ka yi shi da tocila da burushin waya.

Fara da cire abu ɗaya daga kanka. Tsarin nan na haruffa da lambobi 17 da ka saba gani a motocin yanzu, wanda na goma a jere ke nuna shekara, daga samfurin 1981 aka wajabta shi a Amurka. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin, wani ma yakan sauya shi bayan 'yan shekaru. Saboda haka kada ka ɗauko ƙa'idar Ford ka ɗora wa Volkswagen.

Ɗauki Volkswagen Beetle misali. Ɗaga kujerar baya, za ka ga lambar a buge a kan ƙashin bayan motar, wato dogon ƙarfen da ya ratsa tsakiya. Yawanci tsatsa da tsohon fenti sun cike ta. Ka goge a hankali da burushi, ka shafa alli ka share da yatsa, farin zai zauna cikin ramukan lambobin su fito sarai. Giranda kuwa kada ta kusanci wurin, don in ka cinye lamba ɗaya ka rage wa motar daraja, kuma duk mai saye zai yi zaton sata ce ake ɓoyewa. Daga samfurin 1965, lambobi biyun farko nau'in motar ne, ta uku ita ce shekara. In ka ga 117 a farko, Beetle ce ta samfurin 1967. A nan ne masu gaggawa ke faɗuwa. Shekarar samfuri a Volkswagen daga watan Agusta take farawa, don haka motar da lambarta ta ce 1967 tana iya kasancewa an ƙera ta a Satumban 1966. Haka motocin Ford Mustang na farko: an fara ƙera su a Maris na 1964, amma duk lambarsu da 5 take farawa, wato 1965. Masu sha'awarsu kan bambance na farkon da abubuwan da ke jikinsu, kamar dainamo a maimakon altaneta.

Yanzu ga lissafin da ka fi son ji. Wutsiyar lambar jeri ce, mota na bin mota. Ga wasu motoci, kamar Beetle da Chevrolet Corvette, akwai jadawalin da ke nuna lambar ƙarshe da aka kai a ƙarshen kowane wata. A ce, don misali kawai, an rufe Maris a kan 14,000, an rufe Afrilu a kan 16,200, taka kuma 15,100 ce. An yi motoci 2,200 ke nan a watan. In kwanakin aiki 22 ne, ɗari ake fitarwa a kullum, taka ita ce ta 1,100, ta faɗa wajen ranar aiki ta 11, tsakiyar Afrilu. Da kwanakin aiki za ka raba, ka fitar da ranakun hutu.

Lissafin yana da daɗi a takarda, amma ya ɗauka cewa masana'anta na tafiya da gudu ɗaya kullum, alhali ba haka take ba. A farkon shekarar samfuri aiki na tafiyar hawainiya, ma'aikata na koyon sababbin kaya. Akwai hutun bazara da ake rufe masana'anta ɗungurungum. Akwai yajin aiki: na ma'aikatan General Motors a 1970 ya fara a tsakiyar Satumba, ya ɗauki kwana 67. Wanda ya raba lambobin wannan lokacin daidai wa daida tsakanin watanni, ƙarya zai yi wa mai mota ba tare da ya sani ba. Sannan a Ford ana ba mota lamba ne tun lokacin da aka karɓi odarta, ba ranar da ta hau layi ba, don haka mai lamba ta gaba na iya riga ta baya fitowa. Ga kuma motocin da ake turawa wata ƙasa a warwatse cikin akwatuna a harhaɗa a can: lambar ta uwar masana'anta ce, harhaɗawar kuma sai bayan watanni.

Shi ya sa nake cewa shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Motar cike take da kwanan wata, sai dai a ɓoye. A motocin General Motors na shekarun 1960 akwai ɗan allon ƙarfe a bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. In ka ga 03B a kansa, an haɗa bodin a mako na biyu na Maris. A jikin injin Chevrolet akwai ranar zubin ƙarfen, lambobi ne da suka taso sama, ba bugawa aka yi ba: C157 na nufin 15 ga Maris, shekarar da ta ƙare da 7. Wace 7 ɗin, 1957 ko 1967? Lambar zubin injin, wata lamba daban da ke nuna irinsa, ita ce za ta raba maka gardama. Kayan wuta na kamfanin Lucas a motocin Ingila kan zo da wata da shekara a buge a jikinsu. Duba ƙarfen taya, duba ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera.

Ƙa'idar karanta su ɗaya ce: ba a haifi ɗa kafin uwarsa ba. Duk kayan da suka zo da motar tun asali sun riga ta, galibi da kwanaki ko 'yan makonni. In mafi yawansu sun taru a Fabrairu da Maris, lissafin lambarka kuma ya ce Afrilu, magana ta haɗu. In inji ya nuna watanni bayan bodi, ko dai an sauya injin, ko akwai labarin da mai motar bai faɗa maka ba. Kada ka bar kaya guda ya ja ka, domin a shekara hamsin an sauya altaneta da gilashi ba adadi.

In motar mai tsada ce, ko za a kai ta gasa, ka shawarci mai ita ya nemi takardar masana'anta. Kamfanin Volkswagen da ke Wolfsburg na bayar da ita, haka ma British Motor Industry Heritage Trust da ke Gaydon ga motocin Ingila da yawa, irin su MG da Austin. Su daga littafin masana'anta suke ciro ranar. Kafin ta iso, abin da za ka rubuta wa mutum a takardar aiki shi ne “tsakanin farko da ƙarshen Afrilu, mai yiwuwa mako na biyu ko na uku”, ka jera shaidun da ka gani da wurin da ka gan su, ka haɗa da hoton kowace lamba kafin fenti ya sake rufe ta.