An yi wa motata juye, injin ya buga: wa zai biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina zaune a Agege. Makonni biyu da suka wuce na kai motata ƙirar Toyota Corolla wani gareji aka yi mata juye, aka canza baƙin mai da filta, na biya na tafi. Washegari ina kan titin Ikorodu sai jar fitilar mai ta kama, ban yi nisa ba injin ya fara ƙara, ya tsaya. Da aka duba sai aka tarar notin da ake kwancewa a ƙasan injin don zubar da tsohon mai ya faɗi, man ya tsiyaye ƙarƙaf. Mai garejin ya ce dama injin ya tsufa, ba zai biya ko sisi ba. Abokaina suna cewa in kai shi wurin 'yan sanda. Me kuke ba ni shawara?
Mai karatu daga Agege, Legas

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah Ya mayar maka da alheri. A yadda ka bayyana, kana da gaskiya mai ƙarfi, domin notin juye ba ya kwance kansa kwana ɗaya bayan an ɗaure shi, sai dai idan ba a ɗaure shi da kyau ba, ko an matse shi fiye da kima har haƙoransa suka cinye. Tsufan inji ba ya jefar da noti. Amma gaskiyar da ba ta da shaida saurin narkewa take yi a gaban mai sulhu, saboda haka aikinka na farko shi ne kada ka bari kowa ya kwance injin nan tukuna. Ka ɗauki hoton ƙasan motar da wurin da notin ya fita, ka ajiye rasit idan an ba ka, idan kuma ta banki ka biya to saƙon da ya shigo wayarka ya isa ya nuna rana da wanda ya karɓi kuɗin. Sannan ka nemi wani bakanike da ba shi da alaƙa da garejin, ya duba a gaban mai garejin ko wakilinsa, ya rubuta abin da ya gani da kuɗin gyara.

Batun 'yan sanda kuwa, ban ba ka shawara ba. Wannan rigimar ciniki ce, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na aikata laifi ba ne. Ko da sun kama shi, abin da za ka samu shi ne mutumin ya kwana a tsare, ya fito da gaba, motarka kuma tana nan inda take.

Akwai wani abu da dole in faɗa maka ko da ba zai yi daɗi ba. Ka ce ba ka yi nisa ba bayan fitilar ta kama, wato dai ba ka tsaya nan take ba. Inji ba ya jure ko 'yan mintuna ba mai, kuma mai garejin zai riƙe wannan ya ce da ka kashe motar a lokacin da ɓarnar ba ta kai haka ba. Hujjar ba ta wanke shi, amma tana iya rage abin da za a ɗora masa. Haka nan wanda injinsa ya yi shekaru yana aiki ba zai nemi sabo dal ba. Abin da hankali zai karɓa shi ne kuɗin gyaran naka, ko kuɗin inji na hannu makamancinsa kamar yadda ake sayarwa a kasuwar Ladipo, tare da kuɗin janwe da na aiki.

Da wannan lissafin a hannu za ka koma wurinsa, ba da faɗa ba, tare da dattijo ɗaya. Idan ya ce yaronsa ne ya yi aikin, ka tuna masa cewa da shi ka yi ciniki, shi ka biya. Idan Musulmi ne, malaman Malikiyya sun daɗe da yanke cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu. Kanikawan Legas da dama suna ƙarƙashin ƙungiyarsu ta NATA, kuma shugaban wurin da garejin yake yakan iya tanƙwara ɗan ƙungiya fiye da yadda baƙo zai iya. Duk abin da kuka cimma a rubuta shi, da adadi da rana da sa hannun shaidu. Idan ya ce shi zai yi gyaran, ka sayo kayan da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi.

Idan ya ƙeƙasa ƙasa, ka rubuta masa takardar neman biya, ka ba shi wa'adin kwana 14, ka riƙe kwafi. Daga nan kana iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Legas, LASCOPA, ko ta tarayya, FCCPC, wadda dokarta ta 2018 ta ba ka haƙƙin a yi maka aiki mai inganci. Ma'aikatar Shari'a ta jihar kuma tana da cibiyar sulhu ta jama'a da ke sasanta irin wannan kyauta. Kotun ƙananan ƙararraki da Legas ta buɗe a 2018 an tsara ta ne don kuɗin da bai wuce naira miliyan 5 ba, a gama cikin kwana 60, ba lallai sai da lauya ba. Sai dai tana son adadi tsayayye, shi ya sa ya fi kyau ka je mata da yarjejeniyar da ya sa wa hannu ya kasa cikawa, tare da rubutun bakaniken nan na biyu.