Karen Gidanmu Na Kumasi: Amsa Ga Yayana Na Tudun Wada

Yaya, tun daren shekaranjiya da muke zaune a tabarmar ƙofar gida nan Tudun Wada maganar nan take ci mini tuwo a ƙwarya. Na miƙa maka waya don ka ga hoton mahaifiyata Hajiya a tsakar gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi, sai idonka ya tsallake ta ya sauka kan Duna da ke kwance can gindin katanga. Ka ce, "Af! Har kare kuke ajiyewa? To ku kam da sauran Hausa a jikinku kuwa?" Aka yi dariya. Na yi shiru ne saboda akwai manya a wurin, kuma biki ya kawo ni Kaduna. Jibi zan kama hanyar Legas in wuce gida, ba na so in tafi da abin a ciki.

Kakan babanmu ya bar Kano ne cikin ayarin fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, ya zauna a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, jama'a suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Yeji, namu daga baya suka gangaro Kumasi. Lokacin nan Turawa ba su ma taso da hedikwata daga Zungeru zuwa Kaduna ba, sai a 1917. Ban faɗi haka don in rage wa garinku daraja ba, na ji daɗinsa ƙwarai, har na yi Juma'a a masallacin Sultan Bello. Ina tuna maka ne cewa Baffa kansa, mahaifinka, a zangon Kumasi aka yanke masa cibi. Kuma karen farko da ya taɓa kwana a gidanmu nasa ne.

Hajiya ta sha ba mu labarin. Baffa yana da ɗakin ajiyar goro, ɓarayi suka fasa shi sau biyu, suka kwashe huhu masu yawa, sai ya samo kwikwiyo ya rena. Inna, mahaifiyarka, ita kuma tana da wata kyanwa mai rodi-rodi da take ba kan kifi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako biyu. Baffa ya ce shi ba zai tsaya a wulaƙanta shi ba, ya sayar da abin da zai sayu, suka hau babbar mota kana goye a bayan Inna. Karen nan ya bi motar da gudu har ta fice gari. Sai bayan kwana biyu ya dawo, tafin ƙafafunsa duk sun tsage, ya je ƙofar ɗakin Baffa ya kwanta. Hajiya ta ce ko romo aka ajiye masa sai dai ya sunsuna ya mayar da kai, haka har ya yi mako guda. Ita kuwa kyanwar, washegari da hantsi tana kan katangar da ta saba hawa tana lasar hannu, da azahar ta zo ta zauna gaban Hajiya tana jiran kan kifinta.

Ina yaro na ɗauki wannan a matsayin kyanwa ba ta da amana. Sai da na girma, na yi ta zama da su, na gane ba haka abin yake ba. Shi kare mutum yake riƙewa, ita kyanwa wuri take riƙewa. 'Yata da ke karatun likitan dabbobi a jami'ar KNUST da ke Kumasi ta ce mini asalinsu ne ya raba su. Kare daga kyarkeci ya fito, dabbar da ke farauta a garke, dole kowa ya riƙa karanta fuskar ɗan'uwansa, kuma ya shafe aƙalla shekara 14,000 yana bin mutum. Kyanwa kuwa jikar kyanwar daji ce mai farauta ita kaɗai, ba wanda ya kira ta, ɓerayen rumbu ta biyo lokacin da mutane suka fara noma suna tara hatsi. Wadda ta shigo gida don rumbu, ai ba za ta bi mota ba alhali rumbun yana nan.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarka, domin ba kai ne na farko ba. Ana nufin uwata Batona ce, daga can na gaji kare. To ga gaskiyar. Hajiya 'yar Asante ce, kuma danginta Aduana ne, ɗaya daga cikin manyan dangogin Akan, waɗanda tambarinsu kare ne riƙe da wuta a baki. Su a wurinsu ɗa na dangin uwa ne, saboda haka idan na je ƙauyensu ɗan gida nake, ba baƙo ba. Wannan bai taɓa hana ni zama ɗan babana ba. Ta musulunta kafin aure, ta sauke farali, ita ke tashinmu sallar asuba da yayyafin ruwa. A 1969 ɗin nan 'yan'uwanta ne suka tsaya wa babanmu har ƙura ta lafa, ba don su ba da gidan Aboabo ya tafi a banza kamar na mutane da yawa. Ban taɓa jin an ce wa wanda uwarsa Bafulatana ce ko Babarbariya ya tashi daga Bahaushe ba. Me ya sa sai mu? Na san Hausarmu ta zango tana ba yaranku dariya, muna cewa "ya zo" ko mace ce ta zo, muna jefa kalmomin Tonanci. Amma da ita ake ciniki a kasuwannin zango tun daga Kumasi har Nima ta Akara, da ita malam ke fassara mana karatu, kuma kokon da duk Gana ke sha da safe sunan Hausa yake ɗauke da shi.

Batun addini kuwa, littattafan da kuka karanta a zaure su muka karanta. Na san Risala ta hana ajiye kare a gida in ba don gona ko dabbobi ko farauta ba, na san hadisin raguwar lada, na san mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Shi ya sa Duna bai taɓa taka ɗaki ba. Yana da kaskonsa, yana da rumfarsa bayan ɗakin ajiya, nesa da inda ake shimfiɗa darduma. Amma masu sharhin Risalar nan sun kawo cewa shi kansa mawallafinta Ibn Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana tsoron cuta, da aka tuna masa ra'ayin Imam Malik sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai bin umarni ne. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, wato an yarda kare yana ɗaukar karatu. A hanyar Zariya ranar Asabar da idona na ga motar 'yan farauta maƙil da karnuka, wasu har da laya a wuya. Da muka bi ta Malali da dare haushi ne ke tashi bayan ƙofofi. Ba wanda ya tambayi waɗannan ko da sauran Hausa a jikinsu.

Ka kuma tambaye ni, cikin raha, wai wanne ya fi wayo tunda mun zama masana. Zan amsa da gaske, don abin yana burge ni.

In wayo shi ne fahimtar mutum, kare ya yi gaba. Duna ya san ƙarar babur ɗina a cikin babura goma, tun ina kwanar masallaci yake miƙewa. In na nuna masa abu da yatsa, inda yatsan ya nufa yake dubawa. Baƙon da Hajiya ta amsa wa sallama da fara'a ba ya yi masa haushi, wanda kuwa ta amsa wa a daƙile sai ya tashi ya tsaya tsakaninsu, bai yi gurnani ba, bai kuma matsa ba. Ba wanda ya koya masa. Akwai ranar da jikana mai rarrafe ya nufi murhu ana tsaka da dafa wake da shinkafar sayarwa, kowa ya juya baya. Haushi ya yi irin wanda ba mu taɓa ji ba, gajere mai kaifi, yana duban yaron yana duban uwar, har ta waiwaya. 'Yata ta ce a 2017 masu bincike a jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun ƙirga ƙwayoyin da ke ɓawon ƙwaƙwalwa, suka sami na kare kusan miliyan 530, na kyanwa kusan miliyan 250. Ta ce an yi wata karya a can mai suna Chaser da ta haddace sunayen abubuwa fiye da 1,000. Ban yi mamaki ba.

Sai dai ni ban yarda a auna kyanwa da mudun kare ba. Ana gwada su ne da umarni, a ce zo, a ce ɗauko, ita kuwa ba don ta yi wa kowa aiki ta zo duniya ba. A Japan an gwada a 2019 an ga kyanwa tana gane sunanta sarai, kunne kawai take kaɗawa ta ci gaba da harkarta. Tamu ta yanzu ta koyi ture murfin samira da hannu ɗaya, a hankali, ba ƙara, sai da safe a ga kifi ya ragu. Da Hajiya ta fara ɗora dutse a kai, ta daina ɓata lokacinta a nan, ta koma jiran lokacin da ake buɗewa a juya baya. Tana iya zama gaban ramin ɓera tun daga isha'i ba motsi, haƙurin da Duna ba zai iya na minti biyar ba. Wata damina kuma, kun san rafin Aboabo da ambaliya, ta haihu a ƙarƙashin gadon Hajiya. Ruwa ya kwana biyu yana zuba, ƙasan ɗaki ya fara danshi, sai muka ga tana ɗaukar 'ya'yan ɗaya-ɗaya a wuya tana hawa da su saman buhunan wake, har huɗu. Daren nan ruwa ya shigo ɗakin har idon sawu. Mu da muke da hankali sai da muka kwana kwashe tabarmi.

Hali ma haka. Kare ba ya iya ɓoye abin da ke ransa, in ya yi laifi tun daga ƙofa za ka gani a kunnuwansa, in ka yi masa tsawa ya wuni a takure. Kyanwa sai ta ga dama. Amma lokacin da Hajiya ta yi jinyar ƙafa wata uku, kyanwar nan ce ke kwana a gefen ƙafar kullum, ta ƙi kowa. Ita ce kuma addini ya bari ta shiga ko'ina, hadisi ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mu a gida. In ka ce in zaɓi na tsaron gida, Duna ne. In na zama da tsohuwa a ɗaki ne, kyanwa ce, ba na ko tantama.

Abin da ya dame ni a nan, Yaya, shi zan faɗa maka tunda kai ne babba a gidan. Jiya da la'asar na ga yaran layinku sun rutsa wata baƙar mage a lungun bayan gida suna jifa, wai mayya ce. Ƙafarta ɗaya ta baya tana ja. Na kore su, ƙaraminsu ya ce mini ai a ƙasarku cinye su ake yi. Akwai ƙabilun da ke ci a Gana kamar yadda ake da su a Najeriya, amma ba a zango ba. Yaran nan duk suna zuwa Islamiyya, sun san matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, sun san wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare da ƙishi ya kama. Magen tana nan ƙarƙashin tsohuwar motar da ke lungun, na ajiye mata ruwa a gwangwani da sauran kifin daren jiya. Ka sa a riƙa dubawa bayan na tafi, kuma ka yi wa yaran magana, za su fi jin taka.

Sannan maƙwabcinku mai kwikwiyon nan da ke ɗaure a rana, a gaya masa ya kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum da wuya a tashi, kuma yara ya fi kamawa don su ke wasa da su. Duna duk shekara ake yi masa, katinsa na cikin jakar da Hajiya ke ajiye takardun gida, tare da wasiƙar farko da Baffa ya aiko daga Kaduna a 1970, wadda a ƙarshenta yake tambaya ko karensa ya dawo. Ta ce in gaya maka in ka zo za ta nuna maka ita.