Muryar Yaya Babba a guruf ɗin gida kan batun hutun yara

Salamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Amarya, na ga saƙonki tun da azahar, hannuna ne cikin wanki shi ya sa ban amsa ba. Kuma rubutu ba zai ɗauke abin da ke bakina ba, don haka ki samu wuri ki zauna, zai ɗan yi tsawo.

Kin ce a taimaka miki da makarantar da ke lesin ɗin hutu mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi a wajejen Hotoro ko Tarauni, wai yara sun samu dogon hutu kina tsoron karatu ya zube. To ni ba haka kunnena ya ji ba. Abin da na ji shi ne Hajiya ta aiko a kai mata jikokinta Gaya, ke kuma gabanki na faɗuwa, kina neman abin da za ki riƙe ki ce mata ai suna lesin. Ba ke kika fara ba, kuma ba laifinki nake gani ba, amma mu yi maganar a inda take.

Wane karatu ne zai zube, don Allah? Mai sunan Baba aji biyu yake a firamare, takwarar Hajiya nazire take, auta ko shekara uku bai cika ba. Yaron da ake tasa tun shida na safe, ya tafi boko, ya dawo ƙarfe biyu, ya ci abinci a tsaye, ya sa hula ya tafi islamiyya sai dab da magariba, Asabar da Lahadi kuma hadda. Wata tara yana haka. Yanzu an ce ya huta daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, sai kuma mu ce ya koma kan bencin da ya baro, gaban malamin da shi ma a gajiye yake? Ba na hana malamai samun na cefane a watan Agusta, Allah ya sani suna buƙata. Amma a kira abin da sunansa. Wurin ajiye yara ne daga tara zuwa sha biyu don uwa ta numfasa, shi ke nan. In kuma karatun ne damuwarki da gaske, ai makarantar allon ƙofar gidan Baffa a can Gaya tana nan, kullum ana yi in ban da Alhamis da Juma'a. Ki sa masa littafi ɗaya a jaka, shafi ɗaya bayan kari, ya wadatar.

Yanzu tsoronki. Ba zan ce miki babu abin tsoro ba, damina ce. Sauro kam akwai, amma kina nufin a Hotoro babu? Kwatar bayan layinku fa? Ki tafi da gidan sauronki, kada ki ce za ki samu a can, na Hajiya duk an yi shingen kaji da su. Ki haɗa da igiya da ƙusa, don ɗakin baƙi ba shi da wurin ratayewa. Sannan maganin nan na rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina, daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wanda ake yi wata-wata tun daga Yuli, auta da takwarar Hajiya duk sun shiga ciki. Na ranar farko a gaban ma'aikatan ake sha, su bar miki na kwana biyu. Ki tafi da katinsu, in zagayen ya same ku a can sai a ba su a can, kada a tsallake wata. Kuma in jikin yaro ya yi zafi, ba ruwana da wanda ya ce haƙori ne ko canjin ruwa, a kai shi asibiti a gwada jini a ranar. Gaya ba daji ba ce, akwai babban asibiti.

Abin da ni ya fi tsaya mini a rai ba sauro ba ne, kududdufi ne. Wannan na bayan gidan Kawu, inda ake haƙar ƙasar gini da rani, yanzu ya cika ya batse. Yaran can sun san inda ke da zurfi da inda babu, sun san inda ƙafa ke zamewa. Naki bai sani ba, kuma shekara bakwai shekarun "ai ni ma na iya" ne. Su ce masa ɗan birni matsoraci, sai ya tuɓe riga. Wannan ba abin rarrashi ba ne, doka ce, ki kafa ta tun a mota, ki maimaita a gaban Hajiya da yaran gidan baki ɗaya, kowa ya ji da kunnensa. Ko bai nutse ba ma, a irin wannan ruwan ake kwaso tsargiya, sai an kwana biyu da dawowa ki ga jini a fitsarin yaro kina mamakin daga ina. Wanka a gida, da ruwan burtsatse. Na sha kuma a tafasa wa ƙananan, ko ki tafi da jakar fiyo wata, duk da shi ma fiyo watan... to, bar wannan, in na shiga nan ba za mu fita ba. Ki dai sa ORS da zinc, maganin gudawa, a jakarki. In ya ƙare kin san haɗin: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

To ga inda nake so kowa a guruf ɗin nan ya buɗe kunne, ba Amarya kaɗai ba. Na ce a kai yara hutu. Ban ce a jibge wa mutane yara ba. Ni an yi mini, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ba zan kama suna ba, wadda ta yi ta san kanta, kuma ba ta cikin nan, kada wata ta fara zargin wata. Rana tsaka ina zaune sai ga ɗan adaidaita a ƙofar gida da yara huɗu da leda viva guda ɗaya, wai uwarsu ta ce su zo hutu wajen Gwaggo. Ko waya ba a yi mini ba. Kuɗin adaidaitar ma ni na biya! Na buɗe ledar nan, kaya kala bibbiyu, babu soso, babu sabulu, babu man shafawa, ƙaramar ba ta daina fitsarin kwance ba kuma ba wanda ya gaya mini, sai da katifar ɗakin yara ta gaya mini da kanta. Ga nawa uku, ya zama bakwai. Shinkafar da nake auna wa wata guda, kafin tsakiyar wata ta ce ga garinku. Maigidana mutum ne mai kawaici, bai ce komai ba, amma ina ganin yadda yake kallon tukunya.

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wayar. Safe ta kira, rana ta kira, dare ta kira. Ba ta ce Yaya sannu da ɗawainiya ba, a'a, "me suka ci?" In ce tuwo, ta ce ai wane ba ya cin miyar kuka, a dafa masa Indomie da ƙwai. Da ƙwai! Kin aiko da kiret ne? Wata rana yara suna wasa ɗaya ya faɗi ya kurje gwiwa, kurjewar da ko jinin kirki bai fito ba, ya karɓi wayar babbar 'yata ya kira uwarsa yana kuka. Kafin la'asar magana ta je har kunnen Inna Allah ya jiƙanta, wai ana bambanta yara a gidana. Ni da na ba su gadon 'ya'yana, nawa suka koma tabarma. Da hutu ya ƙare kuma ba ta zo ɗaukarsu ba, sai da na yi musu ɗinki, na yi wa matan kitso da lalle, na haɗa tsaraba, na sa su a mota da kuɗina. Kun san me ta ce da ta gan su? Wai sun rame. Wallahi haka ta ce, sun rame. Yaran da wandon ɗaya ya daina shiga. Kuma da wata shekarar ta zagayo ta sake kira wai suna ta kewar Gwaggo. Na ce Gwaggo ta yi tafiya. Ina tsakar gidana ina tankaɗe na faɗa.

Ina nake ma? Yauwa. Don haka Amarya, ke za ki tafi da su da ƙafarki, ki zauna tare da su. Hajiya ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, ba za ta iya tseren auta ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa matar Baffa ƙarami wankin kashi da famfas na yaran wata, ita ma da nata. Mako biyu ya isa. A'a, bari in gyara, mako biyu zai yi miki yawa a karon farko, ki yi kwana goma. Gara ku taho Hajiya tana cewa ku ƙara kwana, da a kai inda kowa ya fara kallon hanya.

Kuma ku tafi da abincinku. Ba wai ki buɗe tukunyarki daban ba, wannan cin fuska ne, kada ki kuskura. Ki kai shinkafa, taliya, mai, sukari, madara, sabulu da omo, ki damƙa wa Hajiya a hannu ta san yadda za ta yi. Watan Agusta ne, hatsin bara ya kusa ƙarewa a rumbu, sabo bai shigo ba, kowa a can lallaɓawa yake. Ba za su taɓa faɗa muku ba, za su yanka muku kaza ma, amma mu ai mun sani. Biskit da alewa kuma in za ki saya, ki sayi na yaran gidan duka. Kada naki su zauna a tsakar gida suna ɓare leda sauran suna kallo.

Ƙanina, na ga kana karantawa ka yi shiru, da kai nake yanzu. Kada ka kai su tashar Unguwa Uku ka saka a mota ka juya. Na san tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa lissafin lita yake, amma Gaya ce fa, ba Maiduguri ba. Ka kai su da kanka, ka kwana ɗaya, ka gaida mahaifiyarka, ka zaga dangi. Zumunci a ƙafa yake, ba a turo kuɗi ta waya ba. Kuma kada ku tafi ranar Juma'a, kasuwar Wudil ke ci, tsakanin motocin shanu da masu kaya a bakin gada sai ku daɗe a tsaye yara na kuka cikin zafi. Ku fita Asabar da sassafe, kafin hadari ya haɗu. Auta a baya a jikin uwarsa, ba a gaba a cinyarka kana tuƙi ba, na ga hoton nan da ka sa ranar Sallah, shiru kawai na yi maka.

Batun waya da katun kuma, na san shi ne tambaya ta gaba, wai ba wuta me za su kalla. Kwana biyun farko za su yi rigima, za su ce a koma gida. Ki toshe kunne. Rana ta uku za ki neme su ki rasa, suna can ana langa ko ana bin awaki, takwarar Hajiya ta samu ƙawaye suna dafa tuwon ƙasa a gwangwani. Za su ga gero a tsaye a gona. Tambayi mai sunan Baba yanzu daga ina fura take, zai ce daga firij. Su ci kwaɗon rama da tafasa, su ci gasasshiyar masara in ta fara fitowa, su sha nonon da ba na roba ba. Da daddare Hajiya ta yi musu ga ta nan ga ta nanku, ta ba su Gizo da Ƙoƙi yadda ta ba mu. Ta ja mai sunan Baba da tsiya tana ce masa miji marar cefane, ta ce wa takwararta kishiya ta zo ƙwace mata ɗaki. Ki bar su su rama, kada ki tsawatar, wasan jika da kaka ne, ba rashin kunya ba ne. Yaranki Hausarsu ma duk ta cakuɗe, rannan ina jin yarinyar nan ta kasa ce wa ludayi ludayi.

In kun dawo da sauran hutu, sai a haɗa su da nawa jikokin a kai su gidan zoo rana ɗaya, ba lokacin Sallah ba ne babu turmutsitsi, a biya Gidan Makama in da hali. In ma har lokacin lesin ɗin na ranki, ki sa shi na mako biyun ƙarshe, ba zan ce komai ba. To zan ce, amma a hankali.

Ki faɗa mini ranar da kuka tsayar kafin Laraba, akwai man zafin Hajiya da atamfar matar Baffa da nake so ku tafi da su, kuma gidan sauro in naki bai kai biyu ba akwai sabo a wajena ko buɗe shi ban yi ba, ki turo yaro ya karɓa. A gaida yaran.